Wankin Ciki da Magani Mai Zafi: Abin da Gwajin Faransa Ya Bankaɗo

Daga watan Fabrairun 2008 zuwa Janairun 2014, akwai wani ɗan lokaci da akan tsaya cak a ɗakunan tiyata na wasu asibitoci 17 a ƙasar Faransa. An riga an shafe sa'o'i ana aiki. Cikin majiyyaci a buɗe yake, daga ƙahon zuci har mara. Likita ya bi saƙo da lungu ya tsince duk wani ƙullutun ciwon daji da idonsa ya iya gani, ya ɗaye tantanin da cutar ta kama, wataƙila ma ya yanke wani yanki na hanji. A daidai nan sai a dakata, domin abin da za a yi gaba ya fita daga hannun likitan. Ƙuri'a ce za ta raba. In ta faɗa wannan gefe, a turo na'ura a cika cikin da ruwan magani mai zafin digiri 43, a bar shi yana zagayawa minti 30. In ta faɗa wancan, a haɗa hanji a ɗinke ciki ba tare da wankin ba.

Mutum 265 ne aka yi wa haka, kuma kowannensu ya sa hannu tun kafin a sa shi barci cewa ya yarda ƙuri'a ta zaɓa masa. Sunan gwajin PRODIGE 7, wanda ya jagorance shi kuwa Dokta François Quénet ne na cibiyar ciwon daji ta garin Montpellier. Tambaya ɗaya suka sa a gaba: mutumin da dajin babban hanji ya bazu masa a tantanin ciki, aka yi masa tiyata aka kwashe duk abin da ido ke gani, shin wankin nan da magani mai zafi yana ƙara masa tsawon kwana? Rai na Allah ne, wannan ba gardama, amma likita dole ya ƙirga don ya san ko abin da yake yi wa mutane yana da amfani. Abin da ya ja ni ga lamarin shi ne masu tambayar su ne masu sana'ar. Wankin nan abin tinƙahonsu ne a tarukan duniya, kuma su da kansu suka ɗauke shi suka ɗora a sikeli.

Inda cutar ke zama

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana feɗe rago ranar Babbar Sallah ya ga tantanin da ake magana. Siriri ne mai sheƙi, ya shimfiɗu a bangon ciki, ya kuma naɗe hanji da tumbi da hanta da saifa, shi ya sa kayan ciki ke santsi suna zamewa a jikin juna. A jikin mutum, in da za a ware shi a baje, faɗinsa ya kusa na fatar jiki gaba ɗaya. Akwai ɗan ruwa da ke yawo a cikinsa kullum, numfashi yana jan sa sama, nauyinsa yana mai da shi ƙasa.

Ruwan nan shi ke ɗaukar cutar. Idan dajin hanji ya ci bangon hanjin ya ɓullo waje, ko ƙarin ya fashe, ƙwayoyinsa sukan zube cikin ruwan su bi shi duk inda ya nufa. Sai su sauka inda ruwan ke kwanciya ko inda jiki ke tsotse shi: ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki ta ɓangaren dama, can ƙasan mara, da kuma mayafin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji. Likita in ya buɗe sai ya tarar kamar an watsa gero a tabarma, wani wuri tsaba ɗai-ɗai, wani wuri sun haɗe sun zama dunƙule mai tauri. Kusan mutum 1 cikin 20 na masu dajin babban hanji, ranar da aka gano cutar ta riga ta kai nan. Dajin ƙwan mace da na tumbi da na afendis su ma suna bin wannan hanya.

An daɗe likitan da ya buɗe ciki ya ga haka ba abin da yake yi sai ya mayar ya rufe, ya fito ya ba dangi haƙuri. Wani bincike da aka yi a Faransar kanta, aka buga a 2000, ya nuna rabin waɗanda dajin hanji ya yi wa wannan yaɗuwa ba sa wuce wata 5 da 'yan kwanaki. Maganin kemo da ake ɗurawa ta jijiya ba ya isa ga ƙullutan yadda ake so, saboda jinin da ke shiga cikinsu kaɗan ne. Ko da sababbin magunguna suka fito, masu wannan yaɗuwa sun ci gaba da zama a baya in an kwatanta su da waɗanda cutar ta tafi hanta ko huhu.

Dabarar da waɗanda suka kawo ta

Likitan farko da ya wanke cikin mutum da maganin daji mai zafi shi ne John Spratt na Jami'ar Louisville a Amurka, ya kuma buga labarin aikin a 1980. Amma wanda ya mai da abin sana'a mai ƙa'ida shi ne Paul Sugarbaker a birnin Washinton. Hujjarsa ita ce, a wasu majiyyata cutar ba ta shiga jini ta gama jiki ba, a cikin ciki kaɗai take, don haka ana iya bin ta a can a kwashe. A 1995 ya rubuta daki-daki yadda ake ɗaye tantanin, yanki bayan yanki. Shi da abokin aikinsa Pierre Jacquet suka kuma fito da ma'aunin da har yau ake aiki da shi. Ana raba ciki gida 13, tara na cikin kansa, huɗu na ƙaramin hanji. Kowane gida ana ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon girman ƙullutun da ya fi girma a wurin: wanda bai wuce rabin santimita ba maki 1, har zuwa santimita 5 maki 2, wanda ya zarce ko ya haɗe da 'yan uwansa maki 3. Jimla ba ta wuce 39. Lambar nan tana faɗa wa likita abubuwa da yawa game da abin da ke gaban majiyyaci.

Aikin kashi biyu ne, kuma a riƙe wannan da kyau domin a nan lamarin ya ƙulle. Kashi na farko tiyata ce, wadda kan ci sa'a 6, ko 8, wani lokaci fiye da 10. Ana cire mayafin kitse, a ɗaye tantani duk inda ya kamu, in ta kama a cire saifa ko madaciya ko mahaifa ko wani yanki na hanji. Wani majiyyacin yakan farka ya tarar an fito masa da bakin hanji ta gefen ciki an maƙala leda, na ɗan lokaci ko na dindindin. Kashi na biyu shi ne wankin, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HIPEC.

A salon da ake barin ciki a buɗe, ana ɗinke gefen fata a jikin wani ƙarfe mai zagaye a ɗaga shi sama, sai cikin ya koma kamar kwarya mai zurfi. A zura tiyo masu shigar da ruwa da masu fitar da shi, a dasa ma'aunan zafi a wurare daban-daban, a rufe da leda a bar ƙofar da hannu zai shiga. Na'ura tana ɗumama ruwan tana turo shi, likita kuma ya sa safar hannu biyu yana juya hanji a hankali, yana buɗe kowane ninki don kada wani lungu ya tsira, kada kuma wani wuri ya ƙone. Can wajen kai, likitan sa barci yana nasa faman, domin zafin jikin majiyyaci yana hawa, bugun zuciya yana ƙaruwa, dole a riƙa sanyaya shi ana lura da fitsarinsa. Digiri 43 shi ne irin zafin da ake gani a Sakkwato a watan Afrilu da tsakar rana, ga shi a cikin cikin mutum wanda jikinsa ya saba da 37.

Dalilan da aka kafa suna shiga hankali. Tantanin ciki ba ya barin irin waɗannan magunguna su tsallaka cikin jini da sauri, saboda haka ana iya jiƙa ƙwayoyin cutar da magani mai ƙarfin da in ta jijiya aka ba da shi jiki ba zai ɗauka ba. Zafi kuma yana raunana ƙwayar daji, yana hana ta gyara ɓarnar da magani ya yi mata. Sai dai maganin ba ya ratsa tsoka fiye da milimita 2 zuwa 3. Ƙullutu mai girman gyaɗa ma ya fi ƙarfinsa. Aikinsa shi ne kashe ɓurɓushin da wuƙa ta bari wanda ido ba ya gani.

Gwaji na farko a kan dajin babban hanji da aka yi da ƙuri'a a birnin Amsterdam na ƙasar Holan aka yi shi, Vic Verwaal da abokan aikinsa suka buga shi a 2003. Mutum 105 aka raba biyu. Lissafin da likitoci ke yi na tsakiya ne, wato a duba watan da rabin majiyyata suka rasu rabi suna raye. Waɗanda aka ba kemo ta jijiya kawai, lissafinsu ya tsaya a wata 12.6. Waɗanda aka yi wa babbar tiyata da wanki da maganin maitomaisin na minti 90 suka kai wata 22.3, ko da yake kashi 8 cikin 100 nasu aikin kansa ne ya zama ajalinsu. A Faransa kuma, Dominique Elias na cibiyar Gustave Roussy da ke Villejuif kusa da Faris ya fito da nasa salon: maganin oksalifilatin mai yawa, a cikin ruwan sukari, zafi digiri 43, minti 30 kacal. A 2009 ya buga sakamakon da ya girgiza masu sana'ar. Majiyyatansa 48 sun kai wata 62.7, kuma kashi 51 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Wasu 48 masu kama da su da aka ba kemo kawai a wasu asibitoci sun tsaya a wata 23.9. Salon minti 30 ya bazu a Turai, ga shi gajere, ga alkaluma masu daɗin ji.

Amma akwai rami a cikin hujjar. Manomi ya zaɓi fadama, ya yi mata huɗa mai kyau, ya cire ciyawa tas, sannan ya zuba sabon taki. Kaka ta yi, ya kwatanta da gonar maƙwabcinsa ta kan tudu wadda ba a nome ba, ya ce taki ne. To ina aka bar fadamar, ina aka bar noman? Haka abin yake a nan. Likitan tiyata ba ya ɗaukar kowa, sai mai sauran ƙarfi wanda cutarsa ba ta yi yawa ba. Gwajin Amsterdam ma tiyata da wanki ya haɗa wuri guda ya gwada da rashin duka biyun. Babu wanda ya ware wankin shi kaɗai ya auna.

Elias ya san da wannan rami, domin ya taɓa ƙoƙarin cike shi. A ƙarshen shekarun 1990 ya tsara gwajin mutum 90 don ya gane ko maganin da ake zubawa a ciki bayan tiyata yana ƙara wani abu. Mutum 35 kawai aka samu, aka rufe gwajin. Majiyyaci da ya ji labarin sabon magani ya taso daga nesa dominsa, da wuya ya yarda a ce ƙuri'a na iya hana shi.

Yadda aka tsara gwajin, da abin da ya fito

Wannan karon ƙungiyar cibiyoyin daji ta Faransa, Unicancer, ita ta ɗauki nauyi. Sharuɗɗan shiga a fili suke: shekara 18 zuwa 70, cutar ta tsaya a tantanin ciki, makinta bai wuce 25 ba, kuma a ƙarshen tiyata ba a bar komai ba ko abin da ya rage bai wuce milimita 1 ba. Kowa, ko ta ina ƙuri'a ta kai shi, an ba shi kemo ta jijiya kafin aiki ko bayansa ko duka biyun. Aka sami mutum 133 a ɓangaren wanki, 132 a ɓangaren tiyata zalla. In ka raba 265 ga asibiti 17 a shekara 6, kowane asibiti bai kai mutum 3 a shekara ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin jan ƙafar da aka sha, ga majiyyata da kuma likitocin da zuciyarsu ta riga ta ba su cewa wankin yana aiki.

Masu tsara gwajin sun yi hasashen tiyata zalla za ta ba da wata 30, wanki kuma ya ɗaga lissafin zuwa wata 48. Aka bi majiyyata sama da shekara 5. A watan Yunin 2018 Quénet ya tsaya gaban babban taron likitocin daji na Amurka a Shikago ya karanto alkaluman, cikakken rahoton kuma ya fito a mujallar Lancet Oncology a 2021.

Masu wanki, wata 41.7. Marasa wanki, wata 41.2.

Bambancin wajen mako biyu ne kacal, abin da a ilimin ƙididdiga daidai yake da babu. Lokacin da cutar ke ɗauka kafin ta dawo shi ma bai bambanta da za a kafa hujja da shi ba, wata 13.1 da wata 11.1. A cikin kwana 30 na farko mutum 2 suka rasu a kowane ɓangare. Inda bambanci ya fito fili shi ne wahala. Zuwa kwana 60, kashi 26 cikin 100 na masu wanki sun gamu da matsala mai tsanani, marasa wanki kuwa kashi 15. Masu wanki sun kuma fi daɗewa a gadon asibiti, wajen kwana 18, su kuwa waɗancan wajen 13. Dama an san wankin oksalifilatin da jawo zubar jini a ciki bayan aiki, ruwan sukarin da ake narka shi kuma yana hargitsa sukari da gishirin jini.

Labarin da ya zagaya duniya shi ne wanki bai yi aiki ba. Ni kuwa lambar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 41.2. Waɗannan mutane ne da ba a wanke cikinsu da komai ba a tiyatar gwajin, hannun likita ne kawai da kemo ta jijiya, suka kuma zarce hasashen masu gwajin da kusan shekara guda. Cutar da a 2000 ake ƙirga wa mai ita wata 5, ga shi rabin majiyyata sun haura shekara 3. Ba a manta cewa zaɓaɓɓu ne ba, kuma magungunan jijiya sun inganta a tsakani. Duk da haka abin da gwajin ya tono shi ne, alherin da aka yi shekaru ana jingina wa na'ura da ruwan zafi, mafi yawansa na haƙurin likitan ne da ya tsaya sa'a 8 yana tsince tsaba ɗai-ɗai, da kuma iya zaɓen wanda aikin zai amfana. Marubutan rahoton ma a nan suka tsaya, cewa tiyatar ita ce ginshiƙin maganin.

Gardamar da ta biyo baya

Masu wanki ba su yi shiru ba, kuma ba duk maganarsu ce ta son zuciya ba. Sun ce minti 30 ya yi kaɗan ga magani ya ratsa ƙwayar daji. Sun ce yawancin majiyyatan an riga an ba su oksalifilatin ta jijiya kafin tiyata, saboda haka ƙwayoyin da suka rage su ne waɗanda suka riga suka gagari maganin, sai kuma aka sake zuba musu shi. Wannan hujja ta biyu tana da nauyi a wurina. Sun ce tsammanin ƙarin wata 18 daga wanki guda ɗaya buri ne da ya wuce kima, kuma gwaji mai mutum 265 ba zai iya hango ɗan ƙaramin amfani ba ko da akwai shi. Sun kuma nuna cewa wasu daga cikin marasa wanki an yi musu wankin daga baya da cutar ta dawo, abin da ke iya dagula lissafi.

Sai kuma maganar da aka fi yawo da ita. Da aka tsattsaga alkaluman, aka ga waɗanda makinsu ke tsakanin 11 da 15 kamar sun amfana da wanki. A nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara. Rukunin ƙarami ne, kuma duk wanda ya yanka alkaluma gunduwa-gunduwa, ba zai rasa gunduwar da ta yi masa daɗi ba. Irin wannan sakamako dalili ne na sake gwaji, bai kai a ɗora mutum a kan teburin tiyata saboda shi ba.

Abin da ya ƙara raunana salon minti 30 shi ne wasu gwaje-gwaje biyu da suka fito kusan lokaci guda. COLOPEC a Holan, a 2019, da PROPHYLOCHIP a Faransa, a 2020, duka sun gwada wankin oksalifilatin a matsayin riga-kafi ga waɗanda ake jin tsoron cutar za ta bazu musu a tantani. Duka biyun ba su ga amfani ba. Sau uku ke nan ana ɗora magani ɗaya da salo ɗaya a sikeli yana tashi ba nauyi. Asibitoci da dama suka ajiye oksalifilatin, wasu suka koma wa maitomaisin na minti 90, wasu suka bar wanki gaba ɗaya a dajin hanji. A Sifaniya, gwajin HIPECT4 da aka buga a 2023 ya yi amfani da maitomaisin na minti 60 a matsayin riga-kafi ga mutanen da ƙarinsu ya ci bangon hanji: cutar ta fi jinkirin ɓullowa a ciki, amma tsawon rai bai bambanta ba. Likitocin ƙasar sun kuma tsara wani gwajin, GECOP-MMC, mai tambaya irin ta Faransa amma da maitomaisin. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Kada a ɗauka an binne wankin ciki gaba ɗaya. A watan Janairun 2018, 'yan watanni kafin jawabin Shikago, Dokta Willemien van Driel ta Amsterdam ta buga gwajin mata 245 masu dajin ƙwan mace da ya kai mataki na 3. An fara ba su kemo zagaye 3, aka yi tiyata, ƙuri'a ta raba su. Waɗanda aka wanke da maganin sisfilatin a digiri 40 na minti 90 sun kai wata 45.7, sauran wata 33.9, kuma matsaloli masu tsanani kusan ɗaya suke a ɓangarorin biyu. Shekara guda ke nan ta ƙarin rai, kuma da aka sake dubawa bayan shekara 10 ratar tana nan. Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa, wadda ke tasowa daga afendis ta cika ciki da majina mai kauri. A kanta ne aka fara wannan aiki tun zamanin Spratt, Ingila ma ta ware mata cibiyoyi na musamman a Basingstoke da Manchester. Wani nazari na mutum 2,298 da aka buga a 2012 ya nuna kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyatar suna raye bayan shekara 10. Ko a nan ɗin, abin da ya fi raba mai nisan kwana da wanda cutar ta yi saurin komowa shi ne ko an iya kwashe ta duka. Na'ura ɗaya ce, tiyo ɗaya, amma cuta daban, magani daban, minti daban, sakamako ma daban.

Abin da ya shafe mu a ciki

Gwajin na Faransa ne, amma takardun da ke ɗauke da kalmar HIPEC suna isowa gidajenmu. Iyali sun kai mara lafiya Indiya ko Masar ko Turkiyya, ko sun tura hotuna ta waya an aiko musu da lissafin kuɗi, a ciki an rubuta tiyata da wanki da magani mai zafi. Ana zama a tsakar gida, wannan ya ce a sayar da fili, wancan ya ce a nemi taimako a masallaci, kuma sau da yawa abin da ya fi jan hankalin kowa shi ne na'urar, domin ita ce sabon abu, ita ce ba mu da ita a kusa. Ina jin zafin wannan zama, domin mutanen da ke cikinsa ƙauna ce ta tara su, kuma ba wanda ya zaunar da su ya warware musu kashi biyun aikin.

Tun kafin a kai ga nan akwai matakin da bai kamata a tsallake ba. A ƙasashenmu tarin fuka yana kama tantanin ciki, ya tara ruwa, ya fito da tsaba-tsaba masu kama da na daji a hoto, har gwajin jinin da ake yi wa dajin ƙwan mace yakan hau saboda shi. Mai wannan cuta maganin tarin fuka na wata 6 yake bukata. Ba abin da ke raba gardama sai an yanki tsoka an kai ɗakin gwaji.

In an tabbatar daji ne, tambayar farko daga ina ya taso, domin amsar hanji daban take da ta ƙwan mace ko afendis. Sai a tambayi likita makin cutar nawa ne cikin 39, da ko ya ga alamar zai iya kwashe ta duka. Idan ƙaramin hanji ya cika da tsaba, ko cutar ta fita daga ciki ta kama wasu sassan jiki da yawa, babbar tiyata wahala kawai za ta ƙara, kuma likitan kirki zai faɗa. Hoto yakan ɓoye ƙananan ƙulluta, shi ya sa wasu ke fara leƙawa da kyamara ta ƙaramar huda kafin su yanke shawara. A tambayi tawagar irin wannan aiki nawa take yi a shekara, domin binciken da aka yi a Holan da Italiya ya nuna sai an haura aiki 100 kafin hannu ya faɗa, kuma asibitocin da suka ba da wata 41 a Faransa ƙwararru ne da ke da sashen kulawa ta musamman da bankin jini a shirye. A tambayi wanda zai ci gaba da ba da kemo in an dawo gida, da wanda zai duba ledar gefen ciki in an saka ta.

Daga nan sai a zo kan wankin: wane magani za a zuba, a wane zafi, minti nawa, nawa kuma ya ƙara a kan kuɗin tiyata. In dajin ƙwan mace ne a mataki na 3, bayan an fara kemo, aka ce sisfilatin na minti 90, akwai gwajin mata 245 a bayan wannan shawara. In kuwa dajin babban hanji ne aka ce oksalifilatin na minti 30, to shi ne ainihin abin da aka gwada a kan mutum 265 a Faransa, kuma ɗan uwan mara lafiya yana da damar ya ce wa likita, cikin ladabi: “Likita, don Allah a yi mana bayanin abin da wankin zai ƙara masa a kan tiyatar.”